Dokina ya yi sati biyar yana zawo, ga Sallah ta matso

Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne daga wajen Gumel, ina da ingarma akawal ɗan shekara 5, mahaifinmu ne ya rasu ya bar mana shi kuma cikin 'yan'uwa ni ne mai hawa. Yau sati biyar kenan yana zawo. Mun dawo sukuwa ne yana ɗingishi, aka ba ni hodar ciwon ƙafa da ake ce ma bute na yi ta zuba masa a dusa kusan kwana 12, a tsakanin na ba shi maganin tsutsa irin na shanu. Da zawon ya fara mai kemis ya yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake ce ma LA sau biyu ya ƙara da Flagyl, dattijon da ke kula da shi tun zamanin mahaifinmu kuma yana ba shi jiƙon bagaruwa da sabara, ya ƙara masa kanwa. Sai ya yi sauƙi kwana biyu abin ya dawo. Yana cin abinci amma ya rame haƙarƙari duk sun fito, yanzu kuma ƙasan cikinsa ya kumbura. Saura sati uku Sallah kuma ban taɓa fashin hawa ba. Dan Allah wace allura ce ta fi ƙarfi da zata tsayar da shi kafin lokacin?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, shi kuma akawal Allah ya ba shi lafiya.

Bari in fara da abinda ba zaka so ji ba don kar in ja ka da nisa. Babu wannan allurar. Kuma bana ba zaka hau dokin nan ba, zamu dawo kan maganar Sallah a ƙasa amma ka fara saka wannan a ranka tun yanzu. Abinda na fi so kayi yau ɗin nan, kafin ma ka gama karanta amsata, shine ka je ka ɗauke duk wani magani da ke bargar nan ka kulle a ɗaki, hoda da ƙwaya da kwalbar allura da kanwar duka. Ka ƙirga da kanka, bute, maganin tsutsa, LA sau biyu, Flagyl, bagaruwa, sabara, kanwa, abu bakwai a cikin dabba ɗaya cikin ƙasa da wata biyu kuma har yau babu wanda ya tsaya ya tambaya me ya kawo zawon. Zawo ai ba shine ciwon ba, ƙara ce hanji yake kawowa, ku kuma kuna ta toshe masa baki.

Ka san cikin doki ba irin na saniya bane kuma ba irin namu bane. Tumbinsa ƙarami ne, ainihin aikin yana can baya a babban hanji, wani ƙaton rumbu ne da ke ɗaukar ruwa da abinci fiye da lita 100 a babban doki, cike yake da wasu ƙananan halittu da ido baya gani waɗanda su ne suke narka masa harawa da ciyawa, kamar dai yadda ake barin gasara ta kwana ta yi tsami. A nan ne kuma jiki yake tsotse ruwa ya mayar cikin jini, shi yasa kashin lafiyayyen doki yake fitowa dunƙule dunƙule. Duk sanda kaga babban doki yana zawo to kusan kullum wannan rumbun ne ya samu matsala. Allurar LA da mutanenmu suka mayar maganin komai, daga akuya har raƙumi, bata san mugu bata san nagari ba, tana kashe waɗancan halittun masu amfani sai miyagun su samu fili su yi yawa, kuma tana cikin magungunan da aka sani sarai suna jawo wa doki mummunan zawo da kansu. Wato abinda aka yi don a tsayar da shi yana iya zama shi ya ƙara masa mai. Garin neman gira kenan. Shi Flagyl yana da inda yake aiki a doki, ban ce bashi da amfani ba, amma akwai irin cutar da ake bada shi dominta kuma da awo, ba a lalube ba.

Amma wanda na fi zargi a labarinka bute ne. Kwana 12, kuma na tabbata ba da awo ba, ɗiba kawai ake a zuba. Maganin nan yana da kyau ga ciwon ƙafa na 'yan kwanaki, sai dai in ya daɗe ko ya yi yawa, musamman ga dokin da baya samun isasshen ruwa a zafin nan namu, yana cin bangon babban hanji ta sama ɓangaren dama ya yi masa gyambo. Daga nan sai sinadarin gina jiki da ke cikin jini ya dinga tsiyaya ta gyambon yana bin kashi. Wannan sinadarin shi yake riƙe ruwa a cikin jijiya, in ya yi ƙasa sai ruwan ya tsattsafo ya gangaro ya taru a ƙasan ciki da ƙirji da gaban doki har ƙafafu. Kumburin da kake gani kenan. Je ka danna shi da babban yatsa ka ɗan riƙe, in ka ɗaga kaga gurbin yatsan ya zauna kamar ka danna tuwo mai sanyi kuma dokin bai nuna yaji zafi ba, to ruwa ne, kada ka bari kowa ya tsaga shi ko ya yi masa sakiya ko lalas da sunan fitar da mugun jini. Ba a fata matsalar take ba. Kuma wannan kumburin shine abinda ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka, don yana nuna abin ya wuce zawon canjin ciyawa da ke wucewa da kansa. Duk dangin bute, irin su diklofenak da sauran allurai na kashe zafi, kar a sake kusantar da su gare shi sai in likita ne ya gani da idonsa ya ce a yi.

Na biyu tsutsa. Nasan zaka ce ai na ba shi magani, to tsaya kaji. Akwai wasu 'yan ƙananan jajayen tsutsotsi, siraran kamar zare tsawonsu bai fi gaɓar yatsa ba, su ne suka fi damun dawaki a duniya yanzu. Doki yana haɗiye 'ya'yansu a ciyawa, sai su huda bangon babban hanji su shige su lulluɓe kansu su kwanta, suna iya yin watanni a haka har shekara biyu, dubbai dubbai. Maganin tsutsa na yau da kullum, ko albendazol ɗin shanu da ka bayar sau ɗaya ko aibamektin, manyan da ke yawo a cikin hanji yake kashewa, na cikin bango basu ma san an yi ba. Abin haushin kuma shine da zarar an share manyan sai na kwancen su ga wuri ya samu su fasa bango su fito gaba ɗaya lokaci guda, hanji ya zama kamar rariya. Sai zawo, sai rama da sauri, sai kumburin ƙasan ciki, kuma an fi ganinsa a dawaki masu ƙuruciya 'yan ƙasa da shekara 6. Ka duba shekarun naka ka duba lokacin da zawon ya fara, bayan maganin tsutsa. Kaga dalilin da yasa ban cire wannan daga lissafi ba. Ka dinga tona sabon kashinsa da tsinke a cikin rana kana dubawa ko zakaga jajayen zaren nan. In an kai kashi ɗakin gwaji aka ce ba a ga ƙwan tsutsa ba kar ka saki jiki, 'ya'yan basu kai yin ƙwai ba shi yasa gwajin yake iya fitowa fes alhali su ne suke ɓarnar.

Masu kai wa na cikin bangon su ne moksidektin, wanda ake sayarwa da sunan Equest, ko kuma fenbendazol wato Panacur kwana biyar a jere, kodayake shi wannan na biyun tsutsar ta saba da shi a ƙasashe da yawa baya cinta kamar da. Amma dan Allah kar ka ji suna ka ruga kasuwa. Moksidektin a kitse yake zama, ramammen doki kuma bashi da kitsen, in aka zarce awo yana iya kayar da shi. Kuma kashe tsutsa mai yawa a hanjin da ya riga ya kumbura yana iya tada wani rikicin, shi yasa likita wani lokaci yake haɗawa da maganin kwantar da kumburi, shi kuma wannan yana da nasa hatsarin in akwai gyambo. Kaga aikin na wanda ya ga dokin ne, ba na ni da ke nesa ba balle mai kemis.

Tunda maganar awo ta zo, yawancin masu dawakinmu basu san nauyin dokinsu ba, kintace ake. Ari tef wajen tela. Ka zagaya ƙirjinsa daidai inda majayi yake bi, ka rubuta santimita nawa, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Zagayen sau zagayen sau tsawon, ka raba da 11,880, abinda ya fito shine kilo. Misali zagaye 160 tsawo 150 zai ba ka kilo 323 ko kusa da haka. Ka dinga yi duk sati kana rubutawa, shi zai gaya maka gaskiya ko yana farfaɗowa, ido yana ruɗi musamman idon mai shi.

Na uku, kuma wannan saboda kace Gumel ne, yashi. Ƙasarku rairayi ce, turke a kan yashi, harawa a zube a ƙasa, dusa ta zube ya bi yana lasa, ga kuma lokacin da ciyawa ta ƙare ko sabuwa ta fara tsirowa guntu guntu yana tumɓuko ta da saiwa da ƙasa. Kullum kaɗan kaɗan, yashin baya narkewa, nauyi gare shi sai ya kwanta a ƙasan babban hanji yana gurzarsa kamar sanfefa. Akwai dawakin da ake samun kilo da yawa na yashi a cikinsu. Alamarsa kuwa irin taka ce sak, zawo ya tafi ya dawo, rama, ɗan ciwon ciki jefi jefi. Gwajin wannan a gida zaka yi kuma ko sisi ba zaka kashe ba. Samu farar leda mai ƙwari wadda ake ganin ciki, ka tari kashin kafin ya taɓa ƙasa, ko ka shimfiɗa buhu a bayansa, ko ka ɗebi na sama wanda bai taɓa yashi ba don in ka kwaso da na ƙasa ka ɓata gwajin. Kamar cikin hannu biyu ya isa. Zuba ruwa ka dama sosai ya narke, ka rataye ledar ta kusurwa ɗaya ka ba ta kamar rabin awa. Yashi zai gangara ya taru a kusurwar, ka murza da yatsa zaka ji shi ƙaras ƙaras. In ya haura cikin ƙaramin cokalin shayi to akwai magana. In baka samu ba yau ka sake gobe da jibi, don ba kullum yake fitowa ba, wani lokacin ya kwanta ne ya ƙi motsi. Likita in ya sa abin sauraro a ƙasan cikin ta wajen ƙirji yana iya jin ƙararsa kamar ana juya tsaba a cikin takarda. Maganinsa garin ɓawon wani iri ne mai yauƙi da ake kira siliyom, irin wanda ke cikin Fybogel na mutane, likita yana zura shi ta robar hanci har tumbi na wasu kwanaki yana kwaso yashin. Amma ko an fitar in ba a daina zuba masa abinci a ƙasa ba aikin banza ne. A yanka durom gida biyu ko a samu tsohuwar taya da faranti a ciki, a shimfiɗa tabarmar roba ko buhuna a ƙarƙashi.

Na taɓa zuwa duba wani kili da aka yi wata biyu ana yi masa allura, mai shi har ya fara cewa sammu aka yi masa saboda ya ci sukuwa. Leda ɗaya muka rataye a jikin turke muka zauna shan shayi, kafin mu gama kofi na biyu mai dokin da kansa ya je ya murza ya dawo bai ce komai ba.

Kar ka ɗauka dole ɗaya ne cikin ukun nan. Sau da yawa taron dangi suke yi, yashi ya daɗe yana gurza, tsutsa na kwance, bute ya zo ya yi gyambo, LA ta zo ta ƙarasa.

Sai kuma wadda ta shafi gidanku ba dokin kaɗai ba, salmonela. Ƙwayar cuta ce da ke samun dama in hanji ya raunana ko an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, kaji da agwagi da ɓeraye da ƙadangaru duk suna ɗauke da ita, kuma nasan yadda bargarmu take, kwatarniyar ruwan doki ita ce mashayar kowa. Tana kama mutum. Yara ƙanana da tsofaffi da mai ciki su nisanci bargar har sai an gane, wanda yake kwashe kashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, takalmin barga ya tsaya a barga. In akwai wani doki ko jaki a raba musu bokiti da wurin ɗauri. Kashin a kwashe kullum a kai nesa da rijiya, kar a zuba a lambun salak ko tumatir. A wanke bokitai a cire dattin tukuna sannan a sa Hypo, in ka zuba shi kan ƙazanta baya aiki.

Yanzu abinda zaka dinga dubawa safe da yamma. Sayi ma'aunin zafi na kemis, shafa masa basilin ka sa ta dubura kana tsaye a gefe ba a baya ba, zafin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Bugun jini kuma ka laluba ƙarƙashin muƙamuƙi akwai jijiya kamar igiya, daga 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ya kamata ya zama ja mai haske da damshi, in ka danna ya yi fari ya dawo kafin daƙiƙa 2. Ja fatar wuyansa ka saki, in ta tsaya kamar tanti ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Sannan ka dafa kofatansa huɗu da tafin hannu, wannan mutane basa yi kuma yana da muhimmanci, don gubar da ke fita daga ruɓaɓɓen hanji tana sauka a kofato, kuma in ciwon kofato ya kama doki ko zawon ya warke ana iya rasa shi a matsayin abin hawa. In ka ji kofatan sun yi zafi, ko yana tsayawa ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, ko yana taka ƙasa kamar mai taka ƙaya, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara a kira likita. Haka in zafi ya haura 39, ko bugu ya wuce 60, ko dasashi ya koma ja jawur ko ruwan hanta ko ya bushe, ko ya daina ci, ko yana tonon ƙasa yana waiwayen cikinsa yana birgima, ko zawon ya koma tsiyaya kamar famfo. Wannan ba na jira gari ya waye bane, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata kuma na doki ba leda ɗaya ko biyu bane irin na mutum, lita goma goma ake magana.

Ruwa kuwa kar a rage masa ko kaɗan. Akwai masu cewa a hana mai zawo ruwa don ya tsaya, wallahi wannan shi yake kashe dabba. Lafiyayyen doki irin naka a zafin nan yana shanye jarka mai lita 25 har ya nemi ƙari balle wanda yake zubarwa ta baya. Bokiti biyu zaka aje masa dare da rana, ɗaya zallan ruwa mai tsabta irin wanda kai zaka iya sha, ɗaya kuma lita 10 da gishiri cokali uku na cin abinci a shafe ba a tula ba, ya zaɓi wanda jikinsa yake so. Kar a bar shi da mai gishirin kaɗai. Kuma kar a ɗaga kansa a yi masa ɗure da kwalba, ko ruwa ko jiƙo balle mai, in ya shaƙe ya tafi huhu an sayo wani ciwon da ya fi zawon.

Abinci, a sauke gero da dawa da masara a hankali cikin 'yan kwanaki har su kusa fita, nasan ran dattijo zai ɓaci don gani yake doki ya rame hatsi ya kamata a ƙara, amma hatsi mai yawa tsami yake ƙarawa a hanjin da ke ciwo. Harawa mai laushi mai ganye, ta wake ko ta gyaɗa, a karkaɗe ƙasar a cire kara masu tauri a daddatsa a yayyafa ruwa, a dinga ba shi kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a rana maimakon a tula masa sau biyu. Hanji mai gyambo baya son kaya mai yawa lokaci guda. Ka sunsuna harawar da ingiricin, in akwai warin fumfuna ko baƙi baƙi a tsakiyar dami a zubar, haka dusar da ta kwana a jiƙe ta yi tsami. Za a iya ɗan zuba man gyaɗa ko na masara a cikin dusa, a fara da cokali biyu a kai rabin kofi cikin sati, yana ƙara masa ƙarfi ba tare da hatsi ba. Duk canjin da za a yi a bi shi sannu cikin sati ɗaya zuwa biyu. Abu ɗaya da zan ja kunnenka da babbar murya, kar a kuskura a ba shi abincin kajin gidan gona ko da an ce ai yana sa ƙiba, wasu ana saka musu wani maganin kaji da ɗan kaɗan ɗinsa yake lalata zuciyar doki ya kashe shi. Wutsiya da cinyoyi a dinga wankewa da ruwan ɗumi a tsane a shafa basilin saboda zawo yana sale fata ga ƙuda.

Likitan dabbobi na gaske fa dole ne, wanda ya yi karatun, kuma cikin satin nan. Fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko na jiha ka nemi wanda ya saba da dawaki, masu dawakin fada da 'yan folo sun san su. Ka gaya masa komai da aka bayar da ranakun, kar ka ɓoye don kunya, kai masa kwalayen ma. Ka roƙi a ɗebi jini a duba yawan sinadarin gina jikin nan da ƙarfin jinin da ƙwayoyin yaƙi da cuta da lafiyar ƙoda da hanta, ƙodar saboda bute da LA duka suna taɓa ta in jiki ba ruwa. A duba har cutar kaska da ke cikin jini don tana da yawa a dawakinmu kuma tana ramar da su. Kashi kuma a kai sabo a cikin kula da ƙanƙara, don neman salmonela sai an kai sau uku zuwa biyar a ranaku daban daban saboda ba kullum take fita ba. Ya duba haƙoransa ma, doki mai kaifin turame baya tauna da kyau. In abin ya fi ƙarfin nan kusa akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, akwai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos da ake aika samfur. Ba lallai ka ɗora mara lafiya a mota ba, tafiyar ma wahala ce gare shi, sau da yawa jinin da kashin ne suke tafiya. In gyambon bute ne akwai magungunan da ke taimaka wa bangon hanji ya warke, ɗaya daga ciki misofrostol ne, in an rubuta shi mace mai ciki ko taɓa shi kar ta yi don yana zubar da ciki, a aje shi inda kai kaɗai ka sani. Kuɗin duk wannan in ka lissafa zai yi wuya ya kai abinda ka riga ka zubar a kemis da wanda zaka zubar nan gaba in aka ci gaba da lalube.

Dattijon nan kuma ka bi shi a hankali. Mutumin da ya riƙe dokin nan tun mahaifinku na raye ya san halinsa fiye da ni da kai, shi zai fara gane ranar da ya canza tsayuwa ko ya bar ragowar abinci, kuma in ka ɓata masa rai zai dinga ba shi jiƙon a ɓoye ne kawai bayan ka tafi. Bagaruwa da sabara ba shirme bane, suna da ɗaurewa shi yasa kake ganin sauƙin kwana biyu, amma ɗaure bakin buhu ne alhali gindinsa a yage yake, basa fitar da yashi basa kashe tsutsar cikin bango. Kanwa ita ce matsalata, kowa ya san tana sakin ciki, a lafiyayyen doki ɗan kaɗan wata magana ce amma ba yanzu ba. Kar ka je kace masa Baba abinda kake yi ba daidai bane. Ce masa Baba, likita yace a dakata da komai har nawa na kemis ɗin, na sati biyu, don a gane mai laifi, kuma kai nake so ka riƙe min lissafin sau nawa ya yi kashi da yadda yake da bokiti nawa ya sha. Gwajin ledar ma ku yi tare, shi ya murza da hannunsa.

Toh maganar Sallah. Na gane ba hawan ne kawai ba, gurbin mahaifinka kake tsayawa a cikin tawaga kuma kana jin in ba a ga akawal ba mutane zasu ce gidan ya mutu. Amma ka duba inda kumburin yake, nan ne fa majayi zai bi a ɗaure tamau, ga sirdi ga jalala ga kayan ado ga kai, ga rana ga ƙura ga bindiga ga tsayuwar awa da awanni ba ruwa, a kan dabbar da jininta ya tsinke. Irin wannan ne yake zubewa a tsakiyar fili gaban jama'a, kuma in salmonela ce ka kai wa dawakin mutane. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko da an dace da maganin gobe, hanji irin wannan wata biyu zuwa uku yake ɗauka kafin ya koma daidai wani har fiye, kuma sai kashi ya dunƙule, kumburi ya sace, tef ya nuna ya mayar da jikinsa sannan a fara ɗan kilisa da ragama ba sirdi. Ka je tun yanzu ka sanar da wanda kake hawa a ƙarƙashinsa, masu dawaki sun san wannan babu wanda zai ga laifinka, ka ari doki ko ka yi haya ka sa masa kayan mahaifinka ka fita. In an samu aron a ɗaure shi nesa da mara lafiyan kuma kar su haɗa bokiti.

Ka rubuto min bayan kwana uku ka gaya min abinda ledar ta nuna, da zafin jikinsa na safe da yamma, da ko gurbin yatsa yana zama a kumburin. In sakamakon jinin ya fito ka ɗauki hotonsa ka haɗo da shi. Ka gaida min Baba.